Uwargida, Kin San Irin Ƙasar Da Gidanki Yake Kai?

 

Yau zancen ƙasa na zo mana da shi, wato wadda kike sharewa kullum safiya, wadda ɗanki mai rarrafe yake damƙa ya kai baki, wadda aka kwaɓa aka yi bangon ɗakinki, aka kuma haƙa aka yi miki salga da rijiya. Bari in fara da abin da ya faru da ni, domin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Maigidana ya sayi filin da muke zaune a bakin gari cikin watan Maris, rani ya yi tsakiya. Ƙasar ta bushe ƙamas, tauri kamar daɓe, har mai haƙar salga yana ƙorafin ta cinye masa bakin diga. Muka yi ta murna muna cewa gini zai zauna daram, ga shi kuma kuɗin filin bai kai rabin na cikin gari ba. Da ruwa ya zauna a watan Agusta sai tsakar gida ta koma taɓo. Bangon ɗakina ya jiƙe tun daga ƙasa har gwiwa, buhun geron da na jingina masa ya yi funfuna. Wata rana da asuba na fito alwala sai na tarar bakin salga ya rufta gaba ɗaya, ramin ya cika da ruwa taf. Babbar ɗiyata, lokacin tana da shekara huɗu, ita ce ta ƙarshe da ta shiga wurin kafin mu kwanta. Na daɗe tsaye da buta a hannu, ƙafafuna suna rawa. Sai daga baya wani tsohon magini ya shaida wa maigidana cewa shi tun yana yaro shinkafa ya san ana nomawa a wurin. Ashe laka muka saya.

Mu mata ba a cika neman shawararmu wajen sayen fili ko fitar da tushen gini ba, ana ganin sha'anin maza ne. To amma wa yake wuni a gidan? Wa yake jinyar yara idan ruwan rijiya ya gurɓata? A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya koro iyalai da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin garuruwan Anka, Gummi da Bukkuyum, filaye sun yi tsada, mutane suna ta gini a wuraren da iyayenmu suka bar wa ruwa. Don haka wannan ilimi ne da ya kamata kowace uwargida ta riƙe.

Ƙasar yankinmu iri-iri ce

Masana duwatsu sun bayyana cewa yawancin ƙasar Anka da Bukkuyum a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda zinariya take fakewa a cikin jijiyoyinsa. Shi ya sa a wurare da dama mai haƙa ba ya yin nisa sai ya ci karo da tsakuwa, ko marmara, ko dutse. Idan aka nausa yamma wajen Gummi sai ƙasar ta fara komawa irin ta kwarin Sakkwato, inda yashi da laka suke shimfiɗe hawa-hawa a kan juna. Ga kuma Gulbin Zamfara da ya ratsa yankin, duk damina yana zube laka da taɓo a fadamun da ke gefensa. Saboda haka a gari ɗaya, kai har a unguwa ɗaya, za ki iya samun ƙasa kala uku ko huɗu.

Ta farko ita ce jigawa, mai yashi da rairayi. Tana da sauƙin haƙa, ruwa ba ya kwana a kanta, amma ba ta riƙe danshi, ba ta riƙe taki, kuma ramin da aka haƙa a cikinta yana saurin zubewa.

Ta biyu laka, baƙa ko mai ruwan toka, wadda ta fi yawa a fadama da kwari. Da rani takan bushe ta tsattsage ta yi tauri, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura ta yi santsi. Tana da ƙarfin shuka, sai dai ruwa ba ya ratsa ta da wuri.

Ta uku jar ƙasa mai tsakuwa, wadda sau da yawa marmara ce a ƙarƙashinta. Ita magina suka fi so, domin tana ɗaukar nauyi kuma ba ta cika motsi ba.

Ta huɗu fako, wurin da iska da ruwa suka kwashe ƙasar sama suka bar ƙasa mai tauri, ko ciyawa ba ta fitowa. Ruwan sama gudu yake yi a kanta ya wuce.

Akwai kuma ta biyar wadda mutum ne ya yi ta, wato cikon tsohon kududdufi ko tsohuwar bola. Ita ce ta fi kowacce yaudara, domin an baje samanta ya yi sumul, amma cikinta shara ce da ke ci gaba da ruɓewa tana lotsawa shekara da shekaru.

Yadda za ki gane ƙasar gidanki

Ba sai kin je jami'a ba, akwai gwaji huɗu da za ki iya yi da kayan da ke ɗakin girkinki.

Na farko, sa a haƙa miki zurfin kamu ɗaya, ki ɗebi ƙasar can ƙasa, ki ɗan jiƙa ta ki dunƙula. Idan ta ƙi dunƙuluwa tana wargajewa, yashi ne ya yi yawa. Idan ta dunƙulu, kika murza ta tsakanin tafukanki ta yi tsawo kamar taliyar hannu, har kika lanƙwasa ta ba ta karye ba, to laka ce. Idan kuwa ta dunƙulu amma da kin fara lanƙwasawa ta karye, kin sami matsakaiciya.

Na biyu, samo kwalba mai haske, ki zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, ki cika da ruwa, ki girgiza sosai ki ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, taɓo mai laushi ya biyo baya cikin 'yan awoyi, laka kuwa sai ta kwana ko ta fi haka kafin ta kwanta. Kashegari za ki ga hawa uku a fili, kaurin kowanne ya nuna miki yawansa.

Na uku, a haƙa rami mai faɗin ƙafa ɗaya da zurfin ƙafa ɗaya. Ki cika shi da ruwa da yamma ki bar shi ya tsotse, da safe ki sake cikawa ki sa ido. Idan ruwan ya ɓace kafin awa ɗaya, ƙasar sako-sako ce. Idan ya kai la'asar ko magariba, madaidaiciya ce. Idan ya kwana yana nan, laka ce ko kuma akwai dutse kusa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne tambaya. Ki tambayi tsofaffin unguwar me ake yi a wurin da can. Ki leƙa rijiyar maƙwabta a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, ki ga gaba nawa guga yake yi kafin ya taɓa ruwa. Wannan shi ne ainihin inda ruwan ƙasa yake tsayawa, kuma da shi ake lissafi. Abin da kika gani da rani ba shi ne abin dogaro ba, mu shaida ne.

Ƙasa da gini

Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. Yawancin tsagewar bango da muke gani, musamman wadda take tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, daga ƙasa take farawa. Laka tana ɗaga gini da damina, ta sauke shi da rani, kuma ba ta yin haka daidai a kowane gefe. Shekara biyu ko uku sai bango ya gaji ya buɗe. Idan dole a kan laka za a yi ginin, to tushe ya yi zurfi ya wuce inda ƙasar take tsattsagewa, a shimfiɗa yashi da tsakuwa a ƙarƙashinsa, a kuma ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida, ita ma tsakar gidan ta fi titi tudu. Kada a dasa dogonyaro ko wani babban icce dab da bango, domin saiwarsa tana zuƙe danshin gefe ɗaya ta sa ƙasar ta motsa.

Rima, wato danshin nan da ke hawa bango yana ɓantare fenti yana sa ɗaki wari, ruwan ƙasa ne bango yake tsotsa kamar yadda lagwani yake tsotsar kananzir. Maganinta mai araha ne idan an yi shi tun farko: a shimfiɗa leda mai kauri a kan tushe kafin a ɗora bango. Idan kuwa an wuce wurin, gyara yana da wuya.

Jigawa ba ta kumbura, nata aibin zaizaya ce. Ruwan indararo ko na kwano idan yana zuba a gindin bango sai ya rarake ƙasar tushe a hankali. A daɓe gindin bango ya zama yana da gangara zuwa waje, a kuma buɗe rariyar gida kafin ruwan farko.

Ga masu ginin ƙasa, tubali mai kyau daga ƙasar da ta haɗa yashi da laka yake fitowa. Laka zalla tsagewa take yi, yashi zalla kuma zubewa. Kafin a sayi lodin ƙasa a yi tubali uku a shanya. Idan sun bushe ba su tsage ba, aka saki ɗaya daga tsayin ƙugu bai watse ba, to ƙasar ta yi. A guji ƙasar sama mai saiwoyi da taki, domin tana ruɓewa tana kiran gara. Kakanninmu da suke yaɓe duk shekara kafin damina, suna kuma shafa makuba, sun san abin da suke yi. Shafa siminti a kan bangon ƙasar da ke shan rima kuwa yana kulle danshin a ciki, bangon yana narkewa ba a gani. Wanda zai yi da bulo kuma ya tabbata yashin ba mai haɗe da laka ba ne, a kuma yi ta ba bulon ruwa har mako guda kafin a hau gini da shi.

Ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a watan Agustan 2024 ta raba dubban mutane da gidajensu. Ginin ƙasa idan ruwa ya kwanta a gindinsa, daga ƙasa yake narkewa ya zube, ko da samansa lafiya lau. Shi ya sa a unguwannin da ke kusa da gulbi, ko ba a da halin yin bulo duka, ya kamata a yi ƙoƙari layukan farko su zama na dutse ko bulo da siminti, sannan a ɗora tubali.

Salga da rijiya

Na lura idan za a fitar da wurin bayan gida kowa yakan tuna ya tambayi ina alƙibla take, kuma hakan daidai ne. Amma da wuya ki ji wanda ya tambaya taku nawa ne daga nan zuwa rijiya.

Ruwan da ke cikin salga ba ya zama wuri ɗaya, yana tsiyaya cikin ƙasa. Ƙasar ce take tace shi, ƙwayoyin cuta suna maƙalewa suna mutuwa a hanya, idan har hanyar tana da tsawo. Ma'aunin da masana tsabtar muhalli suke bayarwa shi ne a bar mita 30, kimanin ƙafa 100 ko taku 40 na babban mutum, tsakanin salga da rijiya ko burtsatse. Sannan gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi, wato ƙafa 5, sama da inda ruwan ƙasa yake tsayawa da damina. Kuma salga ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Ki sani ruwa bai san katanga ba. Salgarki tana iya zama nesa da rijiyarki amma ƙafa goma kacal tsakaninta da ta maƙwabciyarki, kuma wannan yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

A jigawa ruwa yana gudu da sauri, tacewar ba ta cika ba, don haka nisan ya fi zama dole. Ramin kuma sai an gina cikinsa da bulo ko dutse, a bar 'yan ƙofofi a layukan ƙasa don ruwa ya fita, a toshe na sama sosai. Rami mai da'ira ya fi mai kusurwa huɗu jure zubewa.

A laka ruwa ba ya fita, ramin yana saurin cika, da damina kuma bakinsa ya yi laushi ya rufta kamar yadda namu ya yi. Kada a haɗa ruwan wanka da wanki da ramin salga, a yi musu hanyarsu daban. A gina bakin ramin, a ɗaga shi sama, murfin kankaren ya zarce bakin ramin ta kowane gefe ya zauna a kan gini.

A wurin dutse, irin yawancin ƙasar Anka da Bukkuyum, ana ganin kamar an tsira tunda rami ba ya zubewa. Sai dai dutse yana da tsagogi, kuma ruwan da ya bi tsaga ba ya tacewa, yana iya yin nisa da dattinsa har ya faɗa rijiya. A irin wannan wuri, da kuma inda ruwan ƙasa yake kusa, gara a yi rami marar zurfi a gina shi ya taso sama, a hau da matakala biyu ko uku. Wasu suna yin rami biyu gefe da gefe, idan ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ana amfani da ɗayan. Masu bayan gida na zamani su ma ba su fita ba, domin sokawe da ƙasa ya dogara. Idan aka yi shi a cikin laka bai tsotsa ba, shi ne za ki ga baƙin ruwa yana tasowa tsakar gida ko yana malala titi.

A aji muna koya wa ɗalibai cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi. Wannan hukuncin tsarki ne. Amma ruwa yana iya zama garau, babu wari babu ɗanɗano, alhali yana ɗauke da ƙwayar amai da gudawa. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A daminar 2025 ma an sake jin ɓullarta a ƙauyukan Bukkuyum. Idan kina shakkar rijiyarki, ki tafasa ruwan sha ko ki sa masa maganin kulorin, ki gina bakin rijiyar ki yi mata murfi, guga kuma a rataye shi, kada a ajiye a ƙasa.

Ƙasar da ta zama guba

'Yar'uwa, mu mutanen wannan yanki mun ga abin da ya ishe mu darasi. A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka lura agwaginsu suna ta mutuwa. Ba a daɗe ba sai yara ƙanana suka fara amai, ciwon ciki, da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. A watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF suka ankara da yawan mace-macen, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce.

Ga yadda abin ya faru. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, maza suka koma haƙar dutse. Dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa, wani lokaci a gan ta tana ƙyalli kamar kwalli, wani lokaci kuma ba a ganin komai. Aka riƙa kawo shi cikin gida, mata suna farfasawa suna dakawa a turmin da suke dakan hatsi, ana niƙa shi a injin niƙa, ana shanya garin a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, yara suna rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta jagoranta a ƙauyuka biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Jimillar yaran da aka rasa ta kai aƙalla 400. Ma'aunin Amurka a lokacin shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara suke wasa, amma a nan an sami wuraren da ta haura 100,000.

Likitoci suka ce ba amfani a wanke jinin yaro da magani sannan a mayar da shi cikin ƙasar da ta sa masa cutar. Don haka sai da aka bi gida-gida aka kankare ƙasar sama, aka kai ta rami na musamman aka binne, aka kawo sabuwa aka baje. Tsakanin 2010 da 2011 an yi haka a Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Duza a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi nata. An yi wa dubban yara magani, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage hanin a watan Disamban 2024.

Abin da nake so ki riƙe shi ne dalma ba ta ruɓewa. Idan ta shiga ƙasa tana nan har jikoki, sai dai a kwashe ko a rufe. Tafasa ruwa ba ya cire ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa, kuma cikin yaro yana zuƙarta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Wadda ba ta kai ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso da wahalar fahimta da riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Saboda haka kada ki yarda a shigo da dutsen zinariya ko garinsa gidanki, komai ribar da ke ciki. Idan maigida ko ɗanki yana wannan sana'a, ya yi wanka ya sauya tufafi da takalmi kafin ya shigo, a kuma wanke kayan aikin daban. Kada a ɗebi ƙasar tubali, ta yaɓe ko ta cikon tsakar gida daga inda aka taɓa niƙa ko wanke dutse, ko daga kududdufin da aka yi wankin a ciki. Ki tambayi mai kawo ƙasa daga ina ya ɗebo. Ki yayyafa ruwa kafin shara, ki shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma, ki wanke masa hannu kafin ya ci abinci. Mai juna biyu da take sha'awar cin ƙasa ta daure ta bari, ta gaya wa ma'aikaciyar awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, dalma kuma tana ratsawa har wurin ɗan da ke ciki. Kwallin dutse ma an sha gwada shi an sami dalma mai yawa a ciki, don haka kada a sa wa jarirai.

Lambun tsakar gida

Ba ƙasar da ba za ta ba ki ganyen miya ba idan kin san halinta. Jigawa abinci da inuwa take nema. Ki ba ta ruɓaɓɓen takin dabbobi da yawa, ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, ki riƙa ban ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma. Zogale, rama, yakuwa, wake da kankana suna jin daɗinta.

Laka kuma iska take nema. Ki yi kunya mai tudu don kada ruwa ya kwanta a saiwa, ki cakuɗa ta da taki da ɓuntun shinkafa, wanda ba shi da wuyar samu a wuraren casa. Kada ki taɓa ta tana jiƙe sharkaf, domin idan ta bushe za ta koma kamar tubali. Zuba mata ɗan yashi kaɗan ba ya gyara ta. Idan ta gyaru, kuɓewa, lalo, alayyaho, tumatir da tattasai suna yi sosai. Zogale da gwanda ba sa jure ruwa a gindi, sai a kan tudu.

Idan fako ne ko marmara, ki ari dabarar 'yan'uwanmu na yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wadda suke kira tassa. Ana haƙa ƙananan ramuka kamar faɗin kwanon sha, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu a kowane rami. Ruwan sama yana taruwa a ciki, a shuka a nan. Da wannan suka raya filayen da aka riga aka fid da rai da su.

Wadda gidanta dutse ne, ko na haya, ko take shakkar ƙasarta saboda dalma, sai ta yi lambun buhu. A samo ƙasa mai kyau daga gona mai nisa da wuraren aikin zinariya, a haɗa kashi uku na ƙasa da kashi ɗaya na taki, a cika buhu, a huda gindinsa da gefensa. Buhu biyar sun isa su rage miki cefanen ganye. Ki guji takin bolar da ake zuba tsofaffin batura da tarkacen fenti. Lambu ya yi nesa da bakin salga, ruwan wanki mai omo kuma kada ya taɓa abin da ake ci ɗanye kamar latas. Kowane ganye ki wanke shi sosai, domin ƙurar da ke kansa ita ce babban haɗari.

Kafin a biya kuɗin fili

Mu dai abin da ya fisshe mu shi ne aka cike tsohon ramin, aka haƙa sabo marar zurfi aka gina shi ya taso sama, aka zuba jar ƙasa a tsakar gida, muka kuma bar shan ruwan rijiyarmu sai na burtsatsen unguwa. Abin da muka kashe ya fi rangwamen da muka samu a kan filin. Araha ba ta ado.

Don haka idan kika ji maigida yana zancen fili, ki zaɓi lokacin da ya huta, ki ce, "Maigida, da za a ɗan dakata mu ga wurin bayan an yi ruwa mai yawa." Ki roƙe shi ya binciki abu huɗu: me ake yi a wurin da can, gaba nawa rijiyar maƙwabta take da damina, ina salgogin maƙwabta suke, kuma an taɓa aikin zinariya a kusa? Idan kuma kun riga kun gina, ki fita yau ki ƙirga taku daga salgarki zuwa rijiyar da kuke sha, ki yi gwajin kwalbar nan tare da yara, su ma su koya.

Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu, Ya sa gidajenmu su zama wurin natsuwa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.